Mesar da Ta Yi Wata Huɗu Ba Ta Ci Ba: Nazarin Wani Lamari Daga Garwa

Wata Asabar ce a tsakiyar Disamba. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe Binuwai har in kana kan gada da ƙyar kake hango ɗaya gaɓar. Ina kan tabarma ban gama shan kunu ba ɗan yayata ya yi sallama, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, mutuwa za ta yi. Yau sati takwas ke nan ko ɓera ɗaya ba ta haɗiya ba."

Duba lafiyar dabbobi shi ne aikina, kuma abin da ya fi zuwa hannuna a nan Garwa, a arewacin Kamaru, shanu ne da tumaki da kaji, sai jefi-jefi doki ko kare. Maciji ba kasafai ake kawo mini ba. Amma na san wadda yake nufi, domin duk danginmu babu wanda bai ji labarin mesar da yaron nan ya ajiye a gidan Yaya ba, da irin rigimar da aka sha kafin a bar ta ta kwana a gidan.

Wannan ba babbar mesar nan ba ce da ke haɗiye akuya a bakin kogi. Ƙaramar ce, wadda tsawonta in ta girma bai cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, baƙa-baƙa mai zanen ruwan ƙasa. Ba ta da dafi. In ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta naɗe jikinta kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Masu Faransanci a nan suna ce mata piton ruwayal, masana kuma suka ce Python regius. 'Yar ƙasarmu ce: ana samun ta tun daga Sanigal har Kamaru da kudancin Cadi, a bi har Uganda, cikin ramukan ɓeraye da tsofaffin shuri. Daga Gana da Togo da Binin aka daɗe ana fitar da ita da yawa zuwa Turai da Amurka, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gida, kuma cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai. Yaron ya same ta ne a watan Yuni, a hannun wasu manoma da suka tono ta wajen sharar gona a kan hanyar Ngong, suna shirin kashe ta. Burinsa ya shiga makarantar koyon kula da namun daji ta nan Garwa, wadda ke aiki tun 1970, saboda haka dabbar ta shiga ransa ƙwarai.

Abin da ya ba ni labari

Kafin mu tafi gidan na zaunar da shi na ce ya faɗa mini komai tun daga farko, kada ya tsallake ko abin da yake jin kunyarsa.

Sati uku na farko ba ta ci ba, daga nan ta karɓi ɗan tsako. Da ya ga haka sai ya samo fararen ɓeraye ya fara kiwonsu a bayan ɗaki. Duk damina yana ba ta ɓera ɗaya kowane kwana biyar, domin haka ya gani a intanet, kuma ba ta taɓa ƙi ba. Sau ɗaya, a watan Satumba, ta amayar da abin da ta ci. Da na matsa masa, sai ya ce washegarin ranar da ta ci ne abokansa suka zo kallo, ya ɗauko ta suka yi ta ɗaukar hoto. Cin ƙarshe ta yi shi ne wajen 20 ga Oktoba. Daga nan ta rufe baki.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin lamarin. Ya koma miƙa mata ɓera kowane kwana biyu. Ya sauya zuwa ɗan tsako, ya koma ɓera, ya ciro ta ya sa ta a bokiti tare da abincin ko za ta ci. Da duk suka ƙi, sai ya bar mata ɓera mai rai a akwatin ya kwana. Da safe ɓeran na nan yana yawo, mesar kuwa ga tabon haƙori biyu a gadon bayanta. A satin da ya zo wurina wani ya ba shi shawarar ya buɗe mata baki ya yi mata ɗura, har ya tanadi ɗan itacen da zai tura da shi.

Na tambaye shi da me ya gane yunwa take ji. Ya ce, "Kawu, ba ta zama wuri ɗaya. Dare da rana tana zagaya akwatin tana tura murfi da hanci, kuma tana ta hamma." Na riƙe wannan amsar, domin a cikinta kuskuren yake.

Abin da na tarar

Akwatin katako ne mai murfin raga, yana ajiye a rumfar tsakar gida inda iska ke kaɗawa. A ciki akwai yashi da kwanon ruwa, shi ke nan. Babu wurin ɓuya ko ɗaya. Dabbar da Allah ya halitta don ta wuni a rami mai duhu, jikinta na taɓa bango ta kowane gefe, ga ta a fili kamar an shanya ta, yara na leƙe, kaji na wucewa, Yaya na daka a kusa.

Na bar masa ma'aunin zafi da na danshin iska na ce ya duba da asuba da kuma azahar. Da asuba cikin akwatin digiri 17 ne, danshin iska kuwa bai kai kashi 25 cikin ɗari ba. Abin da wannan mesa ke so shi ne gefe ɗaya na mazauninta ya kasance wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen wajen 25 zuwa 27, danshi kuma kashi 60 ko fiye. Yaron ya yi mamaki, ya ce ai a dajin nan aka kama ta, hunturun nan ba baƙonta ba ne. Gaskiya ne, amma a daji ba a sarari take kwana ba. Duk wanda ya taɓa zura hannu a tsohon shuri ya san cikinsa da ɗumi da laima ko ana tsakiyar sanyi. Can take lafewa har lokaci ya wuce.

Jikinta ya nuna haka. Saɓar da ta yi ba ta fita gaba ɗaya ba, ga guntayenta manne a wuya da ƙarshen wutsiya da kan ido ɗaya. Cizon ɓeran ya fara bushewa, bai yi ruwa ba. Na buɗe bakin a hankali: tas yake, babu kumburi, babu majina, babu kumfa a hanci, numfashi ba ya ƙara. Da na riƙe ta, ta naɗe hannuna da ƙarfi. Na kuma duba gindin wutsiya na tabbatar da abin da nake zato, ashe namiji ne. Zan dai ci gaba da cewa "ta", tun da haka bakin kowa ya saba a gidan.

Sai sikeli. Na ari na wata maƙwabciya mai sayar da garin fulawa, muka sa mesar a jakar matashin kai muka auna: gram 1,120. Ba mu da awon baya da za mu kwatanta, don bai taɓa auna ta ba, saboda haka sai na koma ga siffar jiki. Mesar da ta rame, ƙashin bayanta yakan fito tsini kamar kan jinka, gefunan su faɗa, fata ta yi yaushi. Wannan kuwa bayanta a cike yake, har in ta lanƙwasa fata na tattarewa, ana ganin farin fata tsakanin ɓawo. Na ce masa, "Ɗana, wannan ba ramewa ta yi ba. Ƙiba ce ma ta yi mata yawa."

Dalilin da ya sa ta rufe baki

Mu masu kiwon awaki da kaji mun saba da cewa dabbar da ta ƙi ci kwana biyu ba ta da lafiya, kuma hakan gaskiya ne a kansu. Maciji ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa, daga waje yake samun zafi, saboda haka abin da yake buƙata kaɗan ne in aka gwada da dabba mai ɗumin jini da ta kai nauyinsa. Cikin mesa ma ba kullum yake aiki ba. Wasu masana biyu, Stephen Secor da Jared Diamond, a binciken da suka yi kan mesar ƙasar Bama ta nahiyar Asiya a shekarun 1990, sun nuna cewa in mesa ba ta ci ba hanjinta yakan tsuke ya huta, da zarar ta haɗiye abinci sai ya kumbura cikin kwana biyu zuwa uku, aikin jiki ya ninka sau da yawa. Kowane ci babban aiki ne a wurinta, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da ɗumi. Mesar da ta haɗiye ɓera a digiri 17, ɓeran zai fara ruɓewa a cikinta kafin ta narkar da shi. Ƙin cin da ta yi a wannan akwatin kare kanta ta yi.

Ga kuma lokaci. A Afirka ta Yamma wannan mesa tana barbara ne daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, matan su yi ƙwai wajen Fabrairu zuwa Afrilu, 'ya'yan su ƙyanƙyashe daf da saukar ruwa, lokacin da ƙananan ɓeraye ke yawa. Namijin da ya balaga yakan bar ci a wannan tsakanin ya shiga yawon neman mace, wani har wata uku ko huɗu. Zagayen da yaron ya ɗauka yunwa ce, rabinsa wannan ne, rabinsa kuma neman mafaka daga sanyi da haske. Hamma kuwa gyaran muƙamuƙi ne, sukan yi ta bayan ci da kuma haka kawai. In hammar ta zo da majina ko buɗe baki don numfashi, wannan wata magana ce daban, ta ciwon huhu.

To yaya yunwar gaskiya take? Na daɗe a kan wannan da shi, domin shi ne abin da zai yi amfani da shi shekara da shekaru. Mesa mai jin yunwa ba ta cika hayaniya ba. Bayan magariba za ka ga ta fito da kai da wuya kawai daga bakin maɓoyarta, sauran jiki na ciki, wuyan ya ɗan lanƙwashe kamar an ja baka, ta yi shiru tana jira. Harshe na fita akai-akai, da shi take ɗebo ƙamshi ta kai wa wata gaɓa da ke ganɗarta. A leɓenta na sama akwai jerin 'yan ramuka da take jin zafin jikin dabba da su ko a duhu, shi ya sa in ka gitta hannu a gaban akwati za ka ga kan yana bin hannun sannu a hankali. In ka ga haka dare biyu ko uku a jere, kuma kwanakin da suka dace sun cika tun cin baya, to miƙa. In kuwa ka kusanto da abinci ta janye kai, ko ta dunƙule, ko ta kai sara ɗaya ta saki ta juya, tsoro ne, ka ƙyale ta. Haka in idonta ya yi fari-fari kamar an zuba madara, cikinta ya yi ja-ja, saɓa ce ke tafe, yawancinsu ba sa ci sai ta fita.

Abin da muka yi

Ɗan itacen ɗura na karɓe shi na sa a aljihu. Ɗura aikin likita ne, ga dabbar da ta rame har ta kusa halaka, kuma ko a nan ana jin tsoronta, don tana iya yaga maƙogwaro, ta kuma sa dabbar ta ƙara tsanar abinci.

Sai na je wurin Yaya, don gyaran ba zai yiwu ba sai da yardarta. Na ce, "Yaya, alfarma nake nema. Akwatin nan ya koma tsohon ɗakin ƙasa na ƙurya." Ta ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi, ita ba za ta kwana da maciji a cikin ɗaki ba. Na nuna mata sakata biyu da kwaɗon da za a sa wa murfin, na kuma yi mata alkawarin mabuɗin zai zauna a hannunta. Da haka ta amince, kuma ina ganin tana da gaskiya da ta nemi hakan, don gida ne mai ƙananan yara.

Ɗakin ƙasa yana riƙe ɗumin rana har cikin dare. Muka rufe kashi uku cikin huɗu na ragar da katako, muka kwashe yashin muka shimfiɗa takarda. Muka samo tukwanen ƙasa biyu, aka fasa wa kowace ƙofa a gefe aka goge kaifin, aka kifa ɗaya a kowane ƙarshen akwatin, ƙanana daidai yadda in ta shiga za ta cika su. A ƙarƙashin ɗaya muka sa tsumma mai laima da ake sauyawa kullum. Kwanon ruwa muka sauya da babban kasko. Tun da wuta ba ta da tabbas, ɗumin dare sai muka yi shi da jarkar ruwan zafi naɗe da bargo, a jingine ta waje a gefe ɗaya, ba a ciki ba, domin mesa takan kwanta a kan abu mai zafi har ta ƙone ba ta matsa ba. Da wannan asuba ta koma digiri 24 zuwa 25 a gefen sanyi, gefen jarka kuma kusan 30. Na hana fesa maganin sauro ko ƙona shi a ɗakin, don yana kashe macizai. Cizon ɓeran aka riƙa wanke shi da aidin da aka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri. Saɓar da ta maƙale ta fita da kanta cikin kwana goma, ban bari an ɓamɓare ta kan ido da hannu ba.

Sannan doka mafi wuya gare shi: sati uku babu miƙa abinci, babu ɗauka, babu 'yan kallo. Awo kawai, sau ɗaya a sati biyu. Na sa ya sayi kaye, wato littafin rubutu, ya ja layi: rana, nauyi, an miƙa ko ba a miƙa ba, ta ci ko ta ƙi, kashi, saɓa. Na ja masa jan layi a gram 1,010, wato in ta zubar da kashi goma cikin ɗari na nauyinta, ko ya ga majina, ko ƙarar numfashi, ko jikinta ya saki, ya kira ni ko tsakar dare ne.

A Janairu ta nuna 1,105, sannan 1,095. An miƙa sau biyu, ta ƙi. Ya zo mini ransa a ɓace, na buɗe kayen na nuna masa cewa cikin wata guda abin da ta rasa bai kai nauyin ƙwan kaza ba. A tsakiyar Fabrairu 1,080. Zagayen rana ya riga ya tsaya tun satin farko da ta samu tukunya.

A satin ƙarshe na Fabrairu, sanyi ya fara ja da baya, ya aiko mini hoto ta WhatsApp bayan isha: kai a bakin tukunya, wuya a lanƙwashe. Na ce ya jira gobe. Washegari ma haka. A dare na uku ya kashe ɓera mai gram 60, ya riƙe shi da dogon awartaki tun da ɗuminsa, ya rage fitila, ya ɗan motsa shi a gaban tukunyar. Ya ce ko ƙiftawa bai yi ba ta cafke ta naɗe. Ya ja ƙofa ya fito. Kwana 128 ke nan tun cin ƙarshe, kuma duk abin da ta zubar tun ranar da muka fara awo gram 40 ne, ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari.

Kashin da ta yi bayan wannan cin na kai an duba a madubin likita, aka ga ƙwan tsutsar ciki, abin da aka saba gani a macijin da aka kamo daga daji. Aka ba ta magani gwargwadon nauyinta. Na gargaɗe shi kada ya kuskura ya ɗebi maganin shanu ya ba ta da ka.

Tsarin da aka tsaya a kai

Kwana biyar ɗin da ya gani a intanet na jarirai ne, waɗanda ake ba ƙaramin ɓera kowane kwana biyar zuwa bakwai don suna girma. Matasa kwana bakwai zuwa goma. Babba irin wannan, ɓera ɗaya mai gram 60 zuwa 70 kowane sati biyu ya ishe shi, in ƙiba ta dawo a mayar sati uku. Kaurin ɓeran kada ya wuce inda jikinta ya fi kauri. Da dare ake bayarwa, a cikin akwatinta, matacce. In ta ƙi, a ajiye shi a bakin tukunya a fita, da asuba a ɗauke a binne, kada a sake miƙawa sai ranar ta zagayo. Bayan ci kwana biyu cur babu mai taɓa ta. In ta yi amai, sati biyu babu komai, sannan a koma da ƙarami.

Abu biyu na ƙara waɗanda jadawalin Turawa ba zai faɗa masa ba. Na farko zafinmu. A Maris da Afrilu Garwa takan haura digiri 40, kuma zafin da ya wuce 35 a cikin akwati ya fi sanyi saurin kashe ta. A lokacin jarka ta tafi, akwati ya sauka ƙasa kusa da randa, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu, kuma ranar da zafi ya yi tsanani ko ranar ci ce a ɗaga. Ɓeran firiza ma na ce ya haƙura da shi a watannin, don wanda ya narke da ɗaukewar wuta ya sake daskarewa ya riga ya lalace.

Na biyu ɓeran gida. Maƙwabta sun fara kawo masa na tarko don su taimaka, na ce ya yi godiya ya ƙi karɓa. Ba ka san wanda ya ci shinkafar ɓera ba, kuma gubar na bin naman ta shiga jikin wanda ya ci shi. Ban da haka, ɓeran gona mai yawan nonuwa, wanda mesar ke ci a daji, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ba nisa da iyakarmu. Haɗarin a nan na mai taɓa ɓeran ne. Ita kanta mesar, kamar sauran masu jan ciki, tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta, saboda haka sabulu bayan kowace taɓawa, kuma kaskonta ba ya haɗuwa da kwanukan Yaya.

Daga Maris zuwa ƙarshen damina ta ci sau goma sha uku, ta ƙi sau biyu, duka biyun a satin saɓa. Nauyinta ya tsaya wajen 1,150, bayanta ya daina tattarewa.

Akwai maganar da har yau ba mu daidaita ba ni da shi. Na sa ya je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji ya bayyana cewa tana hannunsa, don riƙe naman daji a gida yana da ƙa'ida a ƙasar nan, kuma ya je. Amma ni a raina na fi son mesar daji ta zauna a shurinta tana rage wa manomi ɓera. Na kuma tuna masa cewa irinta kan yi shekara ashirin zuwa talatin a hannun mai kiwo, shi kuwa ko aure bai yi ba, makaranta na gabansa, Yaya kuma ba za ta taɓa riƙe awartakin nan ba. Ya ce in ya mayar da ita gonar da aka tono ta, fartanya ce za ta tarbe ta. Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Jiya ya biyo ta gidana da kayen. Oktoba ta kusa ƙarewa, iska ta fara juyawa, kuma daren Laraba ta janye kai daga ɓeran. Ya rubuta "ta ƙi, 1,155", ya wanke jarkar ya ajiye kusa da bargon.